Abin da Na Tono a Iyakar Gonarmu

Shekara biyu ke nan ƙafata ta hagu tana yi mini tawaye. In na daɗe a kan keken ɗinki sai in ji kamar tururuwa na bin tafinta, daga nan ta mutu murus, in taka ƙasa in rasa me na taka. Bayana kuwa ba a magana. Kwanaki matata ta ce in je a duba mini ko wani abu na tsallaka a bakin shago, don a ganinta masu baƙin ciki da ni sun yi yawa a layinmu. Na daka mata tsawar da ta fi ƙarfin laifinta, har ta kwana biyu tana ajiye mini tuwo ba ko sannu. Ba ta san inda ta taɓo ba. Ni ma na taɓa faɗin irin wannan magana ina saurayi, kuma maganar tawa ce ta shiga tsakanin mahaifina da amininsa na shekara talatin.

A Talata Mafara aka haife ni, kuma gonarmu ta shinkafa tana cikin filayen da ruwan madatsar Bakolori ke ratsawa. Baba manomi ne na gaske, irin wanda in ka gan shi da riga mai tsabta to Juma'a ce. Gonar da ke manne da tamu ta amininsa ce, wani Bafulatani dogo da ya taso daga wajen Faru, ya rage shanu, ya kama noma, ya kafa gida a wata 'yar ruga kusa da filayen. Baffa muke ce masa. Abin da ya raba gonakin biyu ɗan tudun ƙasa ne mai faɗin tafiyar mutum ɗaya, shi ke tare ruwa, shi ne kuma hanyarmu.

Ina kewar safiyar wancan zamani ƙwarai. Mu fito bayan asuba, jakuna a gaba, mutane ayari-ayari, kowa da hauya a kafaɗa, ba mai waiwaye don tsoron wani abu. Kafin ka hango gonaki za ka ji ƙanshin laka da na albasa. Balbelu su cika fili fari fat. Mukan tarar da Baffa ya riga mu, ya naɗe wando har gwiwa, su tsaya da Baba su yi gaisuwar da za ka rantse sun shekara ba su haɗu ba, alhali jiya da la'asar suka rabu. Sai an tambayi gida, da iyali, da gajiya, da shanu, da sanyi, sannan a fara tsiya.

"Kai dai in ba laka ba mi ka sani?" in ji Baffa. "Ko akuya guda anka ba ka kiwo, kahin azahar ta ɓace."

"Awo," in ji Baba. "Kai ko ba don ni ba, da har yau kana dasa shinkahwa kai ƙasa, saiwa bisa."

Da hantsi su zauna a gindin wata kanya. Inna takan ƙunso mana hoce, wainar dawa irin tamu, matar Baffa ta aiko da nono a ƙwarya, a marmasa a ci tare. Ban taɓa jin sun yi wata magana mai nauyi ba. Ruwa, tsuntsu, farashin taki, wane ya aurar da ɗiya. Amma in ɗaya bai zo gona ba, ɗayan yini yake kamar an yi masa sata.

Ciwon Baba da baya ya fara. Wannan bai dami kowa ba, don duk wanda ya shekara talatin a duƙe yana dashe cikin ruwan sanyi, in bayansa bai yi ciwo ba shi ne abin tambaya. Sai gwiwoyi suka biyo, yatsun hannu suka riƙa kumbura da safe har ya kasa damƙe ƙota sai rana ta ɗaga. Aka ce sanyin ƙashi ne. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, Inna tana gasa masa baya da ruwan zafi, ana ta lallaɓawa. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ranar da ya dawo daga masallaci da takalmi ɗaya a ƙafa. Inna ta tambaye shi ina ɗayan, ya duba ƙasa. Tun daga ƙofar masallaci ya tako gida da ƙafar dama ba takalmi, bai sani ba.

"Kamar ba tawa ba," ya ce. "Ina ganinta, ba ni jin ta."

Labari ya kai Bakura wurin yayarsa, wadda muke kira Goggo. Ba ta kwana biyu ba ta iso da ƙullin kayanta. Goggo mace ce da ba ta taɓa shakkar wani abu ba a rayuwarta, kuma ni na gado ta, abin da ban gane ba sai da na tsufa. Ta sa Baba ya miƙe ƙafa, ta mintsine shi a babban yatsa, ko motsi bai yi ba.

"Ciwon baya na kowa na," ta ce. "Sanyin ƙashi ubanmu ya yi shi har yam mutu. Amma ƙahwa ta mutu mai ita na raye? Wanga ba ciwon Allah da Annabi ba na. Wani abu yat taka."

Duk wanda ke tsakar gidan ya gane abin da take nufi. A wurinmu ciwon da ya kama ƙafa ta ƙafa ya shigo, wato an binne wa mutum sammu a hanyarsa ya taka. Ba wanda ya yi tunanin haɗa ciwon baya da mutuwar ƙafa. Baya yana sama, ƙafa tana ƙasa, kowa da nasa.

Bayan kamar mako biyu ruwa ya ɓalle tudun iyakarmu, Baba ya aike ni in gyara. Ina sara ƙasa sai hauya ta daki wani abu. Na tono shi: ɗan ƙahon rago, an rufe bakinsa da jar fata an ɗinke tsaf. Kuma daidai inda Baba ke sa ƙafa kullum in zai sauka gona. Nan take na tuna wata safiya a farkon dashe da na hango Baffa tsugune a wurin, da ya gan ni ya miƙe yana kakkaɓe hannu. Ban tsaya tunani ba. Shekarata ashirin da 'yan kai, jinina a kusa, kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji da ya zama ni ne na gano. Shinkafar Baffa ta fi tamu kyau a wannan shekarar, na haɗa wannan da wancan, kafin in iso gida na gama shari'a na yanke hukunci.

Na ajiye ƙahon a gaban Baba, Inna da Goggo suna tsaye. Na ce, "Ga shi. Baffa na yab binne shi, da idona nig gane shi."

"Ruhe mani baki," in ji Baba. Amma muryar ba ta da ƙarfi, kuma idonsa na kan ƙahon.

Goggo ta yi salati, ta ce dama ita ba ta taɓa yarda da wannan abota ba. Ta ce kada wanda ya kuskura ya buɗe, in ɗauke shi da hannun hagu in jefa a gulbi. Na ɗauka na fita, amma ban je gulbi ba. Na naɗe shi a tsumma na cusa a ƙasan akwatina na ƙarfe, wai shaida nake ajiyewa ko magana za ta kai gaban mai gari. Alhali na daɗe da sauke Alƙur'ani, ina karanta ajami kamar ruwa, reza kuma tana cikin aljihuna. Tsoro da taurin kai suka hana ni farke ɗinkin nan.

Baba bai tunkari Baffa ba. Mutanen zamaninsu ba sa haka. Gaisuwa ta ci gaba, cikakkiya, ba a rage ko tambaya ɗaya ba, tsiyar ce kawai ta ɗauke. Da hantsi Baba ya riƙa cewa in kai masa abincinsa can ɗaya gefen gonar, wai inuwar kanya na ƙara masa sanyi. Daga baya ma ya daina zuwa, ni nake zuwa, in yi aikina in juya wa Baffa ƙeya.

Sau uku Baffa yana takowa har Mafara dubiya. Na farko aka ce masa Baba na barci. Ya bar ƙwaryar nono ya tafi, Goggo ta kai bayan gida ta tuttular. Inna ta yi hawaye ranar, ta ce ita dai nonon nan ta sha shi shekara da shekaru bai kashe ta ba, Goggo ta ce ta yi wa mutane shiru. Na biyu ma barci. Na uku ni na fita zaure na same shi, ya tuɓe takalmi yana zaune a bakin dakali, sandarsa a kan cinya. Na ce Baba ba ya jin daɗi, ba ya ganin kowa. A daidai lokacin Baba ya yi tari a ciki yana magana da wani maƙwabci, muka ji tare. Baffa ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya sa takalminsa. Bai sake zuwa ba.

Ƙafa kuwa ta sha magani. An yi mata hayaƙi, an wanke ta da rubutu, an tsaga ta an shafa gari, an ɗaure ta da ganye iri-iri. Duk abin da aka yi a ƙafar aka yi shi. Ba ta farfaɗo ba, sai ma ta hagu ta fara bin sahunta. Baba ya rame, ya zama mai faɗa, shi da ba a jin muryarsa. Yakan zauna a zaure ran Talata yana kallon masu wucewa kasuwa, in ya hango dogon mutum da malafa sai ya sunkuyar da kai. Na san kewa ce ke cinsa, amma na ce wa kaina ciwo ne. Haka muka ci shekara ɗaya da rabi.

Inna ce ta gaji. Wata safiya bayan Goggo ta koma Bakura ta ce ita ba ta hana kowa maganinsa ba, amma sai an kai mijinta babban asibiti a Sakkwato ko ta kai shi da kanta. Ni na raka shi. Aka ɗebi jini aka ce ba ciwon suga ba ne, aka tura mu ɗaukar hoto. Da Baba ya ji hoton baya za a ɗauka sai ransa ya ɓaci.

"Likita, ƙahwa ta kawo ni. Bayan ga mun saba da shi."

Likitan matashi ne, mai haƙuri. Ya sa Baba ya kwanta rigingine, ya kama ƙafar dama ya fara ɗaga ta a miƙe, a hankali. Bai kai rabi ba Baba ya yi ƙara ya dafe ƙugu, ya ce wani abu ya tsarga masa daga baya har yatsa kamar wuta. Likitan ya sauke ƙafar, ya ɗaga hoton ya nuna mana ƙasusuwan ƙasan baya, yadda suka goge suka matsu. Ya ce akwai jijiyar da ke fitowa daga nan ta gangara har tafin ƙafa, ita aka danne. Ya tambayi Baba sana'arsa, Baba ya faɗa.

"To Baba, in aka toshe ruwa daga sama, gonar da ke can ƙarshe ta bushe, ina za ka je ka gyara?"

Baba ya sake duban hoton. Sannan ya ce, "Inda anka toshe."

Aka ba mu magunguna, aka koya masa wasu motsa jiki, aka ce duƙawa ta ƙare masa. Likitan ya ja kunnena a kan abu ɗaya: tunda ba ya ji, kada ya yi tafiya ba takalmi, kada ya sa ƙafa a ruwan zafi sai an taɓa da hannu, kuma a riƙa duba tafin kullum, don zai iya jin rauni bai sani ba. Ya ce abin ya daɗe, da wuya jin ya dawo duka.

A mota Baba yana ta kallon hanya har muka wuce mararrabar Bakura. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ƙahon nan, ka jehwa shi gulbi?"

Na ce a'a.

Da la'asar muka iso. Ko ruwa bai sha ba ya ce in ɗauko ƙahon. Na zauna a gabansa na sa reza na farke fatar. Takarda ce a ciki, an naɗe ta siririya, rubutun tawada bai ko jiƙe ba. Addu'o'in tsari ne, irin waɗanda malamai ke rubuta wa manoma don tsuntsu da tsutsa da bakin mutane. A ƙasa an rubuta da ajami cewa Allah ya tsare gonar wane ɗan wance da gonar wane ɗan wance. Sunan Baba ne a farko, da sunan kakata da ta haife shi, sannan na Baffa. Shi ya sa Baffa ya binne a kan iyaka, don ya rufe gonakin biyu. Kuma duk mun san ƙa'idar irin wannan: wanda ya binne ba ya faɗa wa kowa, in ya faɗa ya karye.

Na karanta a bayyane. Baba ya ce in sake. Na sake. Inna ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Washegari da sassafe na aro babur. Baba ya fito da rigarsa ta Juma'a da sanda, ya dubi babur ɗin ya ce in mayar wa mai shi.

"Sau ukku yat tako da ƙahwa tai. Ba ni zuwa mashi bisa inji."

Na yi magiya, na tuna masa maganar likita, ya ce in ba zan raka shi ba in kauce. Tafiyar da muke yi a awa ɗaya ta ci mu har rana ta take. Yana jan ƙafar dama, ya tsaya ya dafa ƙugu, ya ci gaba. Mun bi ta gefen gonaki, mutane na ɗagowa daga dashe suna gaishe shi, suna mamakin ganinsa. Ni ina biye, ina ta shirya abin da zan ce, ina rushewa.

Mun sami Baffa a ƙofar gida yana gyaran igiyar maruƙa. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Ya miƙe, ya shiga ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa, suka zauna suka kama gaisuwa. Lahiya lau, lahiya lau. Gida, iyali, shanu, rana, jiki. Suka kai ƙarshe suka sake daga farko, don ba wanda ya san ta inda zai shiga. Ana cikin zagaye na uku Baffa ya ƙura wa tabarma ido. Jini ne ke bin saƙar daga ƙarƙashin ƙafar Baba.

Baffa ya jawo ƙafar ya ɗora a cinyarsa ba tare da neman izini ba. Ƙayar bagaruwa ce, doguwa, ta huda takalmin roba ta shige dunduniya ta karye a ciki. Allah kaɗai ya san tun daga ina Baba ke tafiya a kanta. Baffa ya kira a kawo ruwa da allura, ya wanke wurin, ya fara tono a hankali, irin na wanda ya saba cire wa dabba ƙaya.

"Kana ji?"

"Ba ni ji."

"Nan hwa?"

"Ko kaɗan." Baba ya dube shi. "Na zalunce ka. Na zaci kai kay yi mani wanga abu. Jiya munka buɗe ƙahon."

Baffa bai ɗago ba. "Na sani. Tun randa nig ga ramin ba komi ciki."

"To mi yah hana ka hwaɗi?"

"In ce mi? In ce ban kashe maka ƙahwa ba?" Ya zaro ƙayar, ya duba ta, ya jefar. "Na zaka sau ukku don ka tambaye ni. Ko zagi kay yi mani, da na ji daɗi."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar, kuma bai ɓoye fuska ba. Baffa ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure dunduniyar, yana cewa ya isa, ya isa haka nan, ya yafe duniya da lahira. Can da Baba ya lafa sai ya ƙara da cewa dama ya san mai laka ba ya da wayo, amma bai zaci abin ya kai nan ba. Baba ya yi dariya da hawaye a gemu.

Na matso na durƙusa gaban Baffa na ce ni ne na tono, ni ne na kai gida, ni ne na ambaci sunansa. Ya ce ya sani, ya ce ba komai, Allah ya yafe mu baki ɗaya.

Baba bai ƙara shiga gona ba, ƙafar kuma ba ta dawo ba. Amma sun sami shekara shida bayan nan. Duk Talata in Baffa ya ci kasuwa sai ya biyo zaurenmu, su zauna har la'asar suna tsiyarsu, kuma kafin ya tafi sai ya sa Baba ya miƙe ƙafafu ya duba tafin ɗaya bayan ɗaya. Shi ya yi wa Baba wanka da ya rasu.

Ni ma Baffa bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Sai dai tun ina rarrafe "ɗana" yake ce mini, ko a gaban wa. Daga ranar da ya zauna a zaurenmu na ce masa Baba ba ya ganin kowa, ya koma ce mini "Malam". In na gaishe shi ya amsa da ladabi, har da ɗan russunawa, yadda ake amsa wa baƙo mai mutunci. Na yi ta kai masa goro, na ɗinka masa riguna, na yi masa dashe shekara biyu da ƙarfinsa ya ƙare, ina jiran ranar da bakinsa zai suɓuce. Har na je dubiyarsa a ciwon ajali, ya buɗe ido ya gane ni, ya ce, "Malam, an zaka? Sannu da hanya."